Amsa: yadda za ka tsira daga 'yan cuta a cinikin karnukan jinsi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya yi tambaya ya ce yana neman kwikwiyon Jaman Shefad don gadin gida, ya ga talla barkatai a Facebook da WhatsApp, kowa yana rantsuwa nasa tsantsa ne, kuma yana da niyyar fara kiwo nan gaba, don haka yana so ya san yadda ake kauce wa maƙaryatan masu sayarwa da masu saye marasa alƙawari. Malam, yawancin cutar da ake yi a wannan sana'a daga wuri ɗaya take shigowa: a tura kuɗi a kan hoto, ba a ga dabba ba, ba a rubuta sharaɗi ba.

Fara da uwar. Kwikwiyo ɗan mako 6 ko 7 ba ya nuna asalinsa sosai, ruwa-biyu da tsantsa duk gashi ne da ƙaton kai, sai ya kai wata 5 ko 6 ƙira ta fito, lokacin kuwa kuɗi sun daɗe da shigewa. Saboda haka ka je gidan da aka haife shi ka ga karyar da 'ya'yanta tare. Karyar da ta shayar kwanan nan nonuwanta sukan saki, kuma za ka ga 'ya'yan suna binta ita ma ta san su. Wanda ya ce ku haɗu a gidan mai ko bakin titi ya miƙo maka kwikwiyo a kwali, ko ya ce uwar tana wani gari, mafi yawa dillali ne da shi kansa bai san asalin abin da yake sayarwa ba. Uban yakan kasance na wani gida, wannan ba laifi ba ne, amma a ba ka lambar mai shi da ranar da aka yi barbara. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, sai ka lissafa ka ga ko ranar haihuwar da aka faɗa maka ta yi daidai. In nisa ya hana ka zuwa, kiran bidiyo kai tsaye za ka nema, ka sa ya ɗaga kwikwiyon da ka zaɓa a gefen uwar, ka kuma tura wani naka ya gani da ido. Bidiyon da aka turo maka ba hujja ba ne, ana kwashe shi daga shafin masu kiwo na Afirka ta Kudu ko Turai a ɗora masa lambar waya.

Sai shekaru, domin nan ma ana wasa. Akan ɗauki ɗan wata 4 na ƙaramin iri a ce ɗan mako 8 ne, don ka ga girmansa ka ɗauka zai zama ƙato. Buɗe bakinsa. Ɗan mako 8 haƙoran nono gare shi, guda 28, ƙanana masu tsini. Idan na gaba sun fara faɗuwa manya suna fitowa, ya kai wajen wata 4. Tunda bakin yana buɗe, duba dasashi: ja-ja mai haske ake so, fari yana nuna ƙarancin jini, ko daga tsutsar ciki ko daga cutar da kaska ke sawa. Shafa cibiya ka ji ko akwai ƙullutu, leƙa kunne da tsakanin yatsu don kaska, duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar gudawa. Kada ka karɓi wanda bai cika mako 8 ba ko da an rage maka kuɗi.

Katin rigakafi shi ne inda aka fi yaudarar sabon shiga, don kowa zai iya sayen kati ya cike da biro. Kati na gaskiya yana ɗauke da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannu da hatimin likitan dabbobi. Allurar da ake rubutawa DHLPP, wadda ta haɗa rigakafin cututtukan kare biyar, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har kusan mako 16. Ta ciwon haukan kare sai ya kai wata 3. In ka ga katin ɗan mako 6 an cike shi da ta haukan kare da komai an ce "an gama masa allurai", ƙarya ce. Kira likitan da sunansa ke kan katin ka tambaye shi. Ko allurar gaske ce, in ba a ajiye ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 ba ta mutu, shi ya sa wadda mai kiwo ya saya a kasuwa ya yi da kansa ban cika yarda da ita ba.

Takardar asali, wato mai nuna iyaye da kakannin kare, ita ma ba ta da amfani idan ba ta haɗu da karen da ke gabanka ba. Wanda ya ce iyayen daga waje aka shigo da su, to akwai 'yar na'ura mai ɗauke da jerin lambobi 15 da ake sawa ƙarƙashin fata, likita ya karanta ta a ga ko lambar ta dace da ta takarda. In gadi kawai kake so, lafiyayyun iyaye masu hali mai kyau sun fi maka takarda. Ka kalli tafiyar uwar, Jaman Shefad da Rotwaila suna gadon ciwon ƙugu. Kokeshiyan kuwa, mai gashi kamar bargo, zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato azaba ne gare shi, ko me mai talla ya ce.

Yanzu maganar da ke raba zumunci: cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Daga kamuwa zuwa bayyanar alama yawanci kwana 3 zuwa 7 ne. Ke nan wanda ya kwanta kwana biyu bayan ka kawo shi, da cutarsa ya zo. Wanda ya yi mako 3 a gidanka lafiya sannan ya kamu, a wajenka ya ɗauka. A kan wannan lissafi za ku rubuta sharaɗi, ko a saƙon waya ne: mai saye zai kai shi asibitin dabbobi cikin kwana 2 ko 3, in likita ya samu cuta ko lahani na haihuwa, a mayar da kuɗi ko a canza. A rubuta jinsi, ranar haihuwa, namiji ko mace, kuɗi, da wanda asara ke kansa in an tura a mota. Ragowar kuɗi sai dabba ta zo hannu. Kuma ka hana a sa shi a but, zafi yana kashe shi kafin a iso. Keji mai iska, tafiyar asuba, ruwa a kusa.

Idan ka koma mai sayarwa, wannan takardar ita za ta kare ka. Kada ka ajiye wa kowa kwikwiyo da baki. A rubuta kafin alƙalami, da ranar da zai zo ɗauka, da sharaɗin cewa in ranar ta wuce da mako guda kana da damar sayarwa, domin kowane mako abinci da allura suna cin ribarka, masu saye kuma sun fi son ƙanana. Alat na bogi ya yi yawa, don haka saƙon waya ko hoton rasit ba biya ba ne, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kare ya fita ƙofa. Mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kima ka mayar masa da ragowa, ɗan damfara ne. Bashi kuwa ka guje shi, wanda kare ya mutu a hannunsa ba ya cika biyan sauran.

Ka yi wa mai saye tambayoyi kai ma. Akwai katanga da inuwa? Wa zai riƙa ciyar da shi? Kwikwiyo ya taɓa mutuwa da gudawa a gidan? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin ƙwayar fabo tana daɗewa watanni a ƙasa. Siminti ana wanke shi da bilic, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, amma turɓaya ba ta wankuwa, irin wannan gida sai wanda ya kammala alluransa. Ɗauki bidiyon kwikwiyon yana ci yana wasa ranar da zai tafi, tare da katinsa, ka rubuta wa mai saye irin abincin da ya saba da ranar allura ta gaba. Canza abinci farat ɗaya yana sa gudawa, a sauya shi a hankali cikin mako guda.

In aka dawo maka da shi bisa sharaɗi, karɓa, amma kada ka mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Ware shi mako 2 a wani wuri da kwanonsa daban, kuma wanda ke kula da shi ya wanke hannu da takalmi kafin ya shiga wajen sauran.