Aku da Laikin: Yadda Suke Rayuwa da Yadda Ake Kare Su

TAMBAYA: Malam, a darasin kimiyyar halittu an ambaci aku da laikin, wato dabbaren nan da ke mannewa a jikin duwatsu da ɓawon itatuwa, cikin halittun da ke fuskantar barazana. Mene ne bambancinsu, kuma hanyar kare su ɗaya ce? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, bambancin ya faro tun daga asalin halitta. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya tsuntsu ne na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, yana cin 'ya'yan itatuwa, musamman kwakwar manja, yana kuma yin sheƙa a kogon manyan bishiyoyi. Laikin kuwa halittu biyu ne a jiki ɗaya: wani dangin fumfuna da ke riƙe ruwa yana ba da mafaka, da gansakuka da ke haɗa abinci daga hasken rana. Ba shi da saiwa, daga iska da raɓa yake samun abin da yake bukata, kuma wasu nau'o'insa girmansu bai fi milimita ɗaya a shekara ba.

Abin da ya jefa aku cikin haɗari shi ne son da mutane ke yi masa. Bakin maganarsa ya sa ana kama shi don sayarwa, da yawa suna mutuwa a hanya, alhali ƙwai kaɗan yake yi, kuma sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara haihuwa. A Ghana bincike ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari sun ɓace tun daga 1992, kuma a 2016, a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazana, da aka yi a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A ganina, duk mai sayen irin wannan aku a kasuwa yana da hannu a ɓarnar.

Shi laikin rashin kula ne ke kashe shi. Hayaƙin kwal ya taɓa kawar da shi daga biranen Ingila, shi ya sa masana ke auna tsabtar iska da shi, kuma a hamadar Namib da ke kudu maso yammacin Afirka motoci na murƙushe shimfiɗarsa, sawun taya ya yi shekaru masu yawa bai goge ba. Saboda haka kare shi na bukatar iska mai tsabta da barin duwatsu da tsofaffin itatuwa yadda suke, kuma waɗannan itatuwan ne aku ma yake nema domin sheƙarsa.