Hajiya, ni ma D7 ɗin lissafi ta taɓa zaunar da ni a gida

Assalamu alaikum Hajiya. Tun da asuba na ga tambayarki, amma da na karanta sai da na ajiye wayar, ban iya amsawa ba sai yanzu da na taso daga aiki. Kin ce 'yarki ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba duk shekaru ukun sakandare, ga WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta fito da maki masu kyau, A1 da B2 da B3 reras, sai lissafin dole ya zo da D7, taki ɗaya ƙasa da makin da ake karɓa a jami'a. Babanta ya ce wasa ta yi, ita kuma ta shige ɗaki ba ta ko cin abinci, kina tambaya ko a biya a sake duba takardarta. Wallahi Hajiya kamar labarina kika rubuta.

Ni a 2015 na gama, kafin a fara sakandare kyauta a nan Ghana a 2017. Da keken ɗinkinsa Baba ya riƙa biya mini kuɗin makaranta, zango bayan zango, wani lokaci har da bashi. Ranar da sakamako ya fito na sayi katin dubawa na tafi wata kafe ta intanet a nan Aboabo, cikin Kumasi. Har yau ina tuna wurin: fanka tana juyawa ba iska, mutane sun yi layi a bayana, yaron kafen yana buga lambata da yatsa ɗaya. Da takardar ta fito daga inji shi ya fara karantawa kafin ya miƙo mini, na ga fuskarsa ta canza. Turanci B2, kimiyya B3, darussan zaɓina duk lafiya. Lissafi D7. Na tsaya ina ta goge wurin da babban yatsana, wai ko tawada ce ta ɓata. Wata mata a bayana ta ce, yarinya matsa mana. Na ninke takardar huɗu na cusa cikin hijabi, na taka har gida ban hau mota ba, don kada in haɗu da wanda ya san ni.

Abin da ya fi takardar ciwo shi ne bayan kwana uku, ranar sunan ɗan yayata. Wani baffanmu ya ce in kawo sakamakon ya gani. Gaban mata cike da tsakar gida, ana ta rabon tuwo, ya ɗaga murya ya karanta, ya ce, to ga wadda ake cika mana baki da ita, kuɗin ɗinki ya tafi a banza, gara a nemo mata miji. Baba bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai kawai. Wannan sunkuyawar ita ce ban manta ba. Shekara goma ke nan ko fiye, in na ga baffan nan ina gaishe shi yadda ya kamata, amma zuciyata ba ta saki ba, Allah Ya yafe mini. Don haka Hajiya, kafin maganar kuɗi ko jarrabawa, ki ɓoye takardar nan. Duk wanda ya tambaya ki ce alhamdu lillahi, za ta gyara darasi ɗaya. Ba kowa ne ya cancanci ya gani ba, ko da ɗan'uwa ne.

Kuma ki faɗa wa babanta ba lallai wasa ta yi ba. Ni ban yi wasa ba. Malamin lissafinmu yana da darasin Asabar na kuɗi, kuma tambayoyin da ya yi mana ranar Asabar su ne suke fitowa a jarrabawar ƙarshen zango, ko lambobin ba ya canzawa. Mu kuwa 'yan unguwar zango mun iya hadda tun daga makarantar allo, sai muka haddace amsoshin. Katin sakamakona yana nuna 80, 85, Baba yana nuna wa abokansa a shago. Waɗanda ba su da kuɗin Asabar suna samun 40 ana ce musu daƙiƙai, alhali wasunsu sun fi ni fahimta, ɗaya ma ta ci C4 a WASSCE. Malamin nan ya san abin da yake yi. Ya san ranar jarrabawar gaskiya ba shi zai saka tambaya ba, ba shi zai duba ba. Ya karɓi kuɗin iyayenmu ya ba mu maki, bai ba mu lissafi ba. Na taɓa hango shi a kasuwar Kejetia, na juya na bi wata hanya, don ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ban ce haka aka yi wa 'yarki ba, akwai malamai masu tsoron Allah da yawa, amma ki tambaye ta a hankali yadda ake musu jarrabawa a makaranta.

Zama ta ɗaya ko ta uku a aji yana nuna ta fi 'yan ajinta ne kawai, a ma'aunin malaminta. Makin da makaranta take aikawa kashi 30 ne, sauran 70 daga takardar hukumar jarrabawa ta WAEC yake, kuma wanda ya duba ta bai san fuskarta ba, bai san tana da ladabi ba. Ni sai da na faɗi na san wannan. Kuma tsarin ba ya tausayi: jami'a tana ɗaukar darussa shida, uku na dole uku na zaɓi, A1 maki 1 har zuwa C6 maki 6, a haɗa a fitar da agiriget, mafi kyau 6. Turanci da lissafi ba a tsallake su. D7 a takarda sunanta wucewa, ba faɗuwa ba ce kamar F9, amma wajen neman digiri ko difiloma a kwalejin jinya ko shiga ta malanta, C6 ce iyaka. Taki ɗaya tsakanin C6 da D7, wataƙila maki biyu ko uku, shi ya ci mini shekara guda. Har yau ina ganin ba adalci ba ne a auna shekara uku da zaman awa huɗu, ranar da ƙila yarinya ta tashi da ciwon mara. Amma haka muka tarar.

Maganar sake dubawa, ana yi, da kuɗi ne kuma akwai wa'adi, in kin yanke shawara kada ki ɓata lokaci, ki je ofishin WAEC na nan Kumasi ki ji daga bakinsu. Amma ni da zan ba ki shawara, ki fara gwada ta a gida. Ki samo tsohuwar takardar lissafi ta shekarar da ba ta taɓa gani ba, ki karɓe waya, ki sa agogo: tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi, sai takarda ta biyu awa biyu da rabi. Ki ba wani malami da ba na makarantarsu ba ya duba. In ta yi ƙoƙari sosai, to kuɗin sake dubawa bai ɓaci ba. In ta cije, kin ga inda ciwon yake, ki adana kuɗin don rajista. Ni da aka yi mini haka na yi kuka, don a ranar na gane ko lissafin kaso cikin ɗari ban iya ba in an juya tambayar.

Nov/Dec, jarrabawar gyara ta ƙarshen shekara, na rubuta a 2016, lissafi kaɗai, na samu C5, aka haɗa da sakamakona na farko na shiga kwalejin jinya. Yanzu ma an ƙaro wani zama a farkon shekara wanda mu ba mu samu ba, ki bincika. Kada ki bari a ce ta sake duk darussa takwas, wahala ce kawai. Kuma ki yi hankali da wuraren rimidiyal, wato darasin masu sake jarrabawa, masu manyan alluna a bakin titi, aji ɗaya mutum fiye da ɗari, na baya ba ya jin komai. Wanda ya cece ni wani ɗalibin jami'ar KNUST ne ɗan unguwarmu, bayan magariba a kan benci gaban gidanmu, Mma, mahaifiyata, tana zaune tana tsince wake. Shi ya koya mini in rubuta kowane mataki, don a takarda ta biyu ana ba da maki kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Shi ya nuna mini rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC take fitarwa, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka fi yi. Shekara uku a sakandare ba wanda ya taɓa ambata mana shi. Duk wanda kuma ya kira ku a waya ya ce zai canza maki in an tura masa kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ɓarawo ne, ki kashe wayar.

In kina da ƙanana a ƙaramar sakandare, JHS, tun yanzu ki daina tambayar na nawa ya zo. Ki ce ya yi miki lissafin cinikinki na yau a gabanki. Ƙanena ya shiga sakandare a 2018 lokacin da aka raba ɗalibai rukuni biyu masu zuwa makaranta bi da bi, kore da ruwan zinariya, watanni yana gida, ni na zaunar da shi da tsofaffin takardu kowace Juma'a da yamma, ko yana so ko ba ya so.

Don Allah Hajiya kada a yi maganar aure a gabanta yanzu, ko da wasa. In aure ya zo a lokacinsa alheri ne, amma in aka kawo shi a wannan makon za ta ɗauka hukunci ne. Ki shiga ɗakin da kanki, ki kai mata koko da ƙosai, ko ba ta ci ba ki zauna. Ni Mma ce ta yi mini haka, ba ta iya karatun boko ba, ta ce in karanto mata sauran darussan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda na faɗa sai ta ce masha Allah. In 'yarki tana so ta yi magana da wadda ta bi ta wannan hanya, ki tura mini saƙo ta gefe, ranar Lahadi ba ni da aiki, zan iya zuwa.