Amsar tambayar jiya kan yis da amino asid

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, wai in an zuba yis a ruwan tsiron sha'ir za a yi giya, ta yaya ake gane amino asid (ƙananan sinadaran da ake gina furotin da su) ɗin da ya cinye. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na danna murya. Kar wani ya ce Yaya ya koma harkar burukutu fa, darasin aji ne.

To, ba cikin yis ake leƙawa ba, ragowar da ya bari a ruwa ake aunawa. Ki ɗebi ruwan kafin a zuba yis, sannan ki riƙa ɗiba bayan 'yan awoyi. Kina ɗiba ki tace yis ɗin nan take, in ba haka ba zai ci gaba da cin abinsa a kwalbarki, lissafi ya lalace.

Hanya mai arha ita ce ninhaidirin, wani sinadari da ake haɗawa da ruwan. A dafa minti 16, ruwa ya koma shunayya, a karanta a na'urar auna launi a nanomita 570. Amma jimilla kaɗai take bayarwa, wato FAN, adadin naitirojin na amino asid da ke sake a ruwan. Kamar a ce miki miya ta ragu, ba a faɗa miki nama aka tsame ko kifi ba. In kina son kowanne da sunansa, sai na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ɗaya-ɗaya.

A ganina nan ne daɗin aikin yake, don yis akwai zaɓe. Tun 1964 masu bincike Jones da Pierce suka kasa amino asid gida huɗu bisa yadda yis ke cin su. Irin su gulutamin, sirin da laisin yake fara wawura. Balin da lusin a hankali. Gilaisin da alanin sai na farko sun ƙare. Furolin kuwa kusan ba ya taɓa shi, saboda sarrafa shi na buƙatar iskar oksijin, tukunyar kuma babu.

Ki sa ido a kan balin. In ya yi ƙaranci, yis zai ƙera nasa, a hanya sai dayasetil ya fito, wannan mai warin man shanu da kamfanoni ke gudu.

Af, tunda a 1988 Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir kamfanoni suka koma dawa, ki gwada da tsiron dawa ma, ki jera sakamakon biyu. Ki turo min teburin in gani.