Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi amfanin hukunci

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce an ɗaure wanda ya cinye maka jari, amma kuɗinka bai dawo ba, zuciyarka kuma ba ta huce ba, shi ya sa kake tambayar amfanin hukunci tun asali. Na kasa wuce tambayar nan, domin ciwon da ke cinka ya taɓa cina, sai dai kai ka fi ni sa'a, tun da naka ya kai gaban alƙali.

Nawa yaron shago ne, wanda na ɗauko tun yana ƙarami, ya ci daga tukunyar gidana, ni nake ɗinka masa kayan salla tare da 'ya'yana. Ina asibiti ina jinyar mahaifiyata ya kwashe atamfofi da shaddodi ya karyar da su, ya kuma karɓi kaya bashi da sunana a wurin diloli. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da dattawan layinmu suka zaunar da ni, shi yana gefe yana wasa da makullin sabon babur, aka ce in bar wa Allah tun da ni ne babba, wai kai ƙara zai ɓata zumunci. Kowa ya ba ni haƙuri, amma babu mutum ɗaya da ya dube shi ya ce masa ya ci amana. Na tashi daga wurin kamar ni ne mai laifin, shi kuwa har yau yana wuce ni a kasuwa ba ya ko sunkuyar da kai.

Daga baya na ci karo da ra'ayin Emile Durkheim, masanin zamantakewa na Faransa, wanda a 1893 ya bayyana cewa hukunci ya fi yi wa mutanen kirki aiki a kan mai laifin kansa, domin da shi jama'a ke tabbatar wa junansu cewa abin da suke ƙyama har yanzu abin ƙyama ne. Wannan shi ne abin da aka hana ni, kai kuma ka samu: an faɗa a bainar jama'a cewa an zalunce ka. Kada ka raina shi. Cesare Beccaria, masanin shari'a na Italiya, kuwa tun 1764 ya nuna cewa tabbacin hukunci da saurinsa sun fi tsananinsa hana ɓarna, kuma kowa ya san yadda ake ɗage shari'a a wurinmu har mai ƙara ya gaji, ga gidajen gyaran hali cike da masu jiran shari'a.

Idan nadamarsa kake jira, ina roƙonka ka daina. A littafin ƙagaggen labari na 1866 kan laifi da hukunci na Dostoyevsky, marubucin Rasha, tauraron labarin mai suna Raskolnikov ya kashe tsohuwa mai ba da rance da ƙanwarta, aka yanke masa shekara 8 a Saiberiya, amma ko a can da farko raunin da ya sa ya miƙa kansa kawai yake zargi, sai a ƙarshen labarin zuciyarsa ta fara laushi. Alƙali jiki yake ɗaurewa. Kada kuma fushi ya sa ka yi fatan a ninka masa, domin Jean Valjean, tauraron wani ƙagaggen labari na Victor Hugo, marubucin Faransa, shekara 19 ya yi a kurkuku, asalin laifin satar burodi, ya fito ya fi yadda ya shiga ƙin mutane.

Yafiya haƙƙinka ce, kuma tana da lada, amma kada kowa ya matsa maka a kanta kafin ka shirya. Ka tuntuɓi lauya a kan ƙarar neman dukiyarka, domin ɗauri ba ya goge bashi. Ka daina bin labarinsa a wurin mutane, ni wannan ne ya ja mini hawan jini. In kuma za ka sake ɗaukar yaro, ko ɗan yayarka ne, a sami wanda zai tsaya masa, a rubuta a gaban shaidu, kuma ka gaya wa diloli kada su ba kowa kaya da sunanka sai sun ji muryarka.