Wai Bakano sai kuɗi?

Ɗana, ƙanwarka ta karanta mini saƙonka bayan la'asar. Wai za ka haɗa jari da wani Bakano, abokanka na ce maka Bakano ko uwarsa ta zo saye sai ya ci riba, kana tambaya ko gaskiya ne. Na yi dariya har na ƙware da shayi. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don na ji kamar da gaske kake.

Mu Damagarawa da Kanawa ai abokan wasa ne. Tun yaƙin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu, da aka ajiye mashi sai aka koma yi da baki. Su ce mu bayinsu ne, mu ce su ne namu.

A 1975, bayan farin da ya cinye dabbobi, babana ya aike ni Kano da fatun awaki. Muka bi ta Matamaye da Daura a bayan babbar mota, ƙura har cikin kunne. Na sauka gidan wani fatoma kusa da kasuwar Kurmi. Tsohon nan ya baje fatuna a zaure, yana ɗaga kowace yana duba ta a hasken ƙofa, ya nuna mini yankan wuƙa nan, cizon ƙwaro can, wuraren da ni ban taɓa lura ba. Ya yi ta rage kuɗi har hawaye ya kusa zubo mini. Naira ma lokacin sabuwa ce, ban iya lissafinta da sefa ba, shi kuwa a ka yake yi. La'adarsa bai yafe ko kwabo ba.

Daren nan zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana biyar matarsa na dama mini kunun tsamiya, shi yana shigowa yana cewa, "Bawana, kar ka mutu a nan, ba ni da kuɗin likkafanin Badamagare." Ranar tafiya na miƙa kuɗin masauki, ya ture hannuna, ya biya mini mota, ya ɗora turmin atamfa na kai wa innarmu.

Da na ba kaka labari, cewa ta yi wanda ya girma a bakin kasuwa dole idonsa ya buɗe, kamar yadda mu nan Birnin Damagaram ba ma zubar da ruwan wanke hannu, sai baƙo ya ce rowa gare mu. Ta ƙara da cewa wake ɗaya ke ɓata gari, amma ba a zubar da rumbu saboda shi.

Abin da ke damuna da ku, kun ɗauko maganar kun bar wasan. Mu a gaban mutum muke faɗa, ya rama, a ci tuwo kwano ɗaya. Ku kuwa a waya kuke rubutawa, da fushi, game da mutanen da ko ruwan gidansu ba ku taɓa sha ba.

Shi abokin naka, ka taɓa zuwa gidansu? Wa ya san ubansa? Kawo shi unguwar Zango ranar Juma'a mu gaisa, ina da bashin tsiya da zan biya.