Saitin Ƙwallo da Bugun Bango a Teburin Sinuka: Amsar Maigida ga Yaronsa

Tambayar yaron ita ce: "Maigida, kullum ana musu a bakin tebur. Wasu sun ce dole sai da lissafi ake saita ƙwallo, wasu sun ce ido ne kawai da sabo. Ni kuma idan ƙwallo tana kan miƙe ina ci, amma da zarar ta karkace, ko ta buƙaci in buga ta bango ta dawo rami, sai in rasa inda zan duba. Wane tsari zan kama?"

Yarona, kafin mu shiga maganar tsari, fara gwada hannunka. Ɗora farar ƙwallo a tsakiyar faɗin tebur, ka buge ta a cibiya zuwa gajeren bangon tebur, wato gefen nan mai roba, da ke can ƙarshe, ka bar sandarka a inda ta tsaya. Idan hannunka a miƙe yake, farar za ta dawo ta taɓa bakin sandar. Idan ta dawo ta dama ko ta hagu, to ba cibiya ka buga ba, ko da idonka ya rantse maka cewa cibiya ce. Yi sau goma. Muddin ba ka samun bakwai ko takwas, duk tsarin da aka koya maka za ka ga kamar ƙarya ne, alhali laifin na gwiwar hannu ne da ke lilo gefe, ko riƙon da ya yi tsauri, ko kan da kake ɗagawa kafin sanda ta gama tafiya. Rabin musun da kake ji a bakin tebur daga nan yake tasowa: mutum ya saita daidai, ya buga a karkace, sai ya ɗora wa tsarin laifi.

To, tsarin da kowa ya kamata ya fara da shi shi ne na fatalwar ƙwallo. Tsaya bayan ƙwallon mai launi, ka ja layi da ido daga tsakiyar rami ya ratsa cibiyarta ya fito ta bayanta. Inda layin ya fito, nan ne farar za ta taɓa. Amma kada ka nufi wannan ɗigon da tsakiyar farar, domin nan ne masu koyo suke faɗawa. Farar ma tana da faɗi, gefenta ne zai riga isa, sai ka ga ka kama ƙwallon da kauri, wato farar ta rufe ta fiye da kima, ta tafi ta daki bango kafin rami. Abin da za ka nufa shi ne cibiyar wata ƙwallo da ka ƙaddara tana manne da mai launin a kan wannan layi. Ƙwallon teburin Amurka faɗinta inci 2 da kwata ne, saboda haka cibiyar fatalwar tana bayan wurin taɓawa da inci 1 da kashi ɗaya cikin takwas. Wajen koyo, ɗora ƙwallo ta gaske a gurbin fatalwar, ka sunkuya ka saita a kanta, wani ya ɗauke ta, sannan ka buga.

Wahalar wannan tsari ita ce kana nufin wurin da babu komai sai ƙyallen tebur. Shi ya sa 'yan sinukar Ingila suka fi son tsarin rabe-rabe, wato ka duba nawa ne na jikin mai launin farar za ta rufe. Idan ta rufe ta duka, ƙwallo za ta tafi a miƙe. Idan ta rufe kashi uku cikin huɗu, za ta karkace kusan digiri 14. Rabi yana ba da digiri 30, kwata kuma kusan 49. Rabi ne ya fi daɗin gani, domin tsakiyar farar za ka nufa daidai bakin gefen mai launin, abu ne da ido yake iya kamawa. Ka haddace kamannin waɗannan guda uku har su zauna maka. Sauran kusurwoyi duk a tsakaninsu suke, sai ka ce wannan ta ɗan fi rabi kauri, waccan ta ɗan fi kwata sirantaka.

Akwai abin da duka tsarin biyu ba su faɗa maka ba, kuma shi ne ya fi cin mutane. Lokacin da farar ta gogi mai launi a karkace, tana ɗan jan ta zuwa inda ita farar ta dosa. Wato ka saita daidai bisa lissafi, amma ƙwallon ta tafi kamar ka kama ta da kauri. Wannan jan yana iya kaiwa kusan digiri 5, kimanin inci ɗaya ke nan a kowace ƙafa ɗaya ta tafiya. Bakin ramin kwana a teburin gasa kusan inci 4 da rabi ne, faɗin ƙwallo biyu, don haka sararin kuskurenka inci ɗaya ne da ɗoriya a kowane gefe. Ƙwallon da ke nesa da rami da ƙafa uku, jan nan kaɗai ya isa ya fitar da ita. David Alciatore, tsohon malamin injiniya a wata jami'ar Kolorado ta Amurka, ya yi gwaje-gwaje da yawa a kan wannan da kyamara mai ɗaukar hoto da sauri, kuma abin da ya nuna ya yi daidai da abin da tsofaffin 'yan wasa suka daɗe da sani a hannu: jan ya fi yawa a bugun sanyi, a wajajen rabin ƙwallo, musamman idan farar ta iso tana zamiya ba ta mirginawa. Kana so ka gani da idonka? Manna ƙwallo biyu su fuskanci tsakiyar rami daga nesa, ka daki ta bayan daga gefe a hankali. Ta gaban za ta kauce wa ramin, ko da yake a saitinsa take.

Maganinsa, ka ɗan sirantar da yankan, wato dukan gefen mai launin, fiye da yadda lissafi ya ce, ko ka ƙara ƙarfi kaɗan, ko ka bugi farar sama da cibiya domin ta iso tana mirginawa. Wasu suna sa juyin waje, wato idan za su yanka ƙwallo hagu sai su bugi farar ta ɗan dama. Yana aiki, amma ban so ka fara da shi yanzu ba, saboda duk lokacin da ka bugi farar ta dama, tana ɗan baudewa hagu tun daga bakin sanda, sai ka gyara matsala ɗaya ka jawo wata. Kuma ka riƙa goge ƙwallaye. Ƙurar hunturu da tabon alli suna ƙara wannan jan, har wani sa'in ka ji ƙwallo ta yi wani ƙara daban ta tafi inda ba a aike ta ba.

Wanda aka fi musu a kansa kuwa shi ne tsarin tsakiya-zuwa-gefe, CTE, wanda ake dangantawa da wani Ba'amurke Hal Houle, daga baya Stan Shuffett ya faɗaɗa shi yana koyarwa. A taƙaice, kana tsaye za ka daidaita tsakiyar farar da gefen mai launi, ka sauka da bakin sanda ɗan nesa da cibiya, sannan ka juya sandar zuwa cibiyar farar ka buga. Masu shi suna cewa ba sai ka nemo wurin taɓawa ba, tsarin ne zai kai ka. Masu suka suna cewa 'yan daidaitawa uku ko huɗu ba za su iya haifar da duk kusurwoyin da ke kan tebur ba, dole ido ne yake cike giɓin ba tare da mai bugun ya lura ba. Ni ina tare da masu sukan a fannin lissafi. Amma ba na raina masu amfani da shi, domin akwai waɗanda suke ci da shi sosai, kuma dalilin a fili yake: tsarin yana tilasta musu su saita tun suna tsaye, su kalli gefen ƙwallo da kyau, su sauka iri ɗaya kowane bugu. Wannan ɗabi'ar ka ɗauke ta ko da ba ka ɗauki tsarin ba. Saiti a tsaye ake yin sa. Idan ka sunkuya ka ga bai yi maka ba, miƙe ka sake, kada ka murɗa sanda kana ƙasa.

Yanzu bugun bango. Tushensa shi ne ƙwallo tana barin bango da irin kusurwar da ta shigo da ita, kamar akwai wani rami a bayan bangon da kake nufa kai tsaye. Don a sauƙaƙa awo ne aka sa ɗigo-ɗigon nan a katakon gefen tebur, guda 18. Teburin ƙafa 9 filin wasansa inci 100 ne a tsawo, 50 a faɗi, tsakanin ɗigo da ɗigo inci 12 da rabi. Idan teburinku ba shi da su, auna tsawon filin daga bakin roba zuwa bakin roba, ka raba takwas, ka sa alama da alli a kan katako. Uku za su faɗo tsakanin ramin kwana da na tsakiya.

Ka ce kana so ƙwallo ta daki dogon bangon can ta dawo ramin tsakiya da ke gefenka. Ramin shi ne sifili, daga shi za ka fara ƙirga ɗigo, haka ma a wancan gefen daga ramin tsakiyarsa. Layin da ya tashi daga ɗigo na 2 a gefenka zuwa ɗigo na 1 a wancan gefen, duk ƙwallon da ke kansa idan ta bi shi za ta dawo ramin. Haka daga 3 zuwa 1 da rabi, haka daga 1 zuwa rabi. Riƙe sandarka a saman ƙwallon, ka riƙa jujjuya ta har lambar gefenka ta ninka ta wancan gefen. Inda bakin sanda ya nuna, nan za ka aika ƙwallon. Daga nan aikin ya koma na fatalwar ƙwallo, sai dai yanzu ɗigon ne ya zama raminka.

Amma roba ba madubi ba ce, kuma a nan ne ake gane wanda ya san tebur. Ƙarfin bugu shi ne na farko. Idan ka buga da ƙarfi, ƙwallo tana nutsewa cikin roba ta fito a tsuke, ta faɗo kafin rami. Idan ka buga a sanyaye tana mirginawa, bayan ta bar bango mirginawar tana lanƙwasa ta gaba, sai ta wuce ramin. Shi ya sa ƙwallon da ke kusa da bango ta fi dawowa a tsuke fiye da wadda ke tsakiyar tebur ko da a layi ɗaya suke: ta kusa ba ta sami filin fara mirginawa ba. Zaɓi ƙarfi ɗaya, matsakaici mai ɗan kauri, ka riƙe shi a duk bugun bangonka. Ƙwararru sukan fi son ƙarfi kaɗan, domin ƙwallon da ta fito a miƙe ta fi wadda ke lanƙwasa saurin ganewa, kuma ba ta biye wa tudu da kwarin tebur.

Na biyu shi ne juyi. Ƙwallo biyu idan sun haɗu suna yi ne kamar haƙoran giyar inji, ɗaya ta juya dama ɗayar ta juya hagu. Ka bugi farar ta dama, mai launi za ta ɗauki ɗan juyin hagu, kuma juyin hagu yana tura ƙwallo hagu idan ta bar bango. Da wannan ake buɗe kusurwa ko a tsuke ta idan wata ƙwallo ta tare hanya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, yanka kansa yana sa juyi ko ba ka nema ba. Ka yanka ƙwallo hagu, za ta ɗauki juyin dama. Idan kuma hagu kake so ta dawo, juyin zai tsuke ta, sai ka matsar da wurin dukan bangon ɗan gaba. Idan yankan ya saɓa wa inda za ta dawo, buɗewa za ta yi.

Na uku shi ne teburin kansa. Sabon ƙyalle mai santsi yana buɗe kusurwa. Da damina, ƙyalle ya sha laima, ƙwallo takan dawo a tsuke. Robar da ta daɗe a rana a ƙarƙashin rumfar kwano tana bushewa ta mutu, wani wurin ya amsa wani wurin ya yi dum. Tsayin bakin roba ma yana da ƙa'ida, kusan kashi 63 da rabi cikin ɗari na tsayin ƙwallo; idan ya yi ƙasa ƙwallo tana tsalle, idan ya yi sama tana danne ta ta fito ba kuzari. Saboda haka duk teburin da ka je, kafin a fara wasa ɗora ƙwallo a layin 2 zuwa 1, ka buga sau uku da ƙarfin da ka saba. Idan tana faɗowa kafin rami da faɗin ƙwallo ɗaya, ka san yau za ka riƙa ƙara kusan rabin ƙwallo gaba a wurin dukan bango.

Ka kuma kiyayi ƙwallon da ke daf da bango idan farar tana kusan miƙe da ita. Za ta daki roba ta dawo ta tarar da farar ba ta kauce ba, su sake karo, bugun ya lalace. Ko dai ka yanka ta yadda farar za ta fice gefe da sauri, ko ka haƙura da shi ka ɓoye farar.

Bugun bango fanni ne mai zaman kansa, har akwai gasarsa a Amurka, irin wadda ake yi a Derby City Classic tun 1999, inda ƙwallo ba ta ƙirguwa sai ta bango ta shiga. Amma a wasanku na yau da kullum, idan akwai yanka mai yiwuwa ko da siriri ne, shi za ka fifita, domin abu ɗaya yake nema daga gare ka, bango kuwa yana neman saiti da ƙarfi da sanin roba a lokaci guda.

Aikin makon nan: ƙwallo ɗaya, layin 2 zuwa 1, bugu goma a sanyaye, goma matsakaici, goma da ƙarfi, duka a cibiyar farar. Bayan kowane bugu ka sa ɗan alli a katakon gefenka inda ƙwallon ta faɗo. Idan ka gama, ka bar alamun ka kira ni mu duba su tare, sannan mu ƙara juyi.