Amsa: Wace sukudireba ce ta dace da buɗe laftof?

Malam, ka tambaya ko sukudireba ɗaya za ta buɗe kowace laftof. A'a, sai ka duba kan sukurun tukuna.

Yawancin HP da Lenovo sukuru mai alamar + suke da shi, ka nemi Phillips PH0 ko PH00. Dell XPS kuwa Torx T5 take so, mai tsini shida. MacBook ita ce mai rigima: yawanci sukurun murfin ƙasanta Pentalobe P5 ne, mai tsini biyar. Kada ka tura masa Torx don sun yi kama, kan zai cinye, daga nan sai mai gyara.

Idan bakin sukudirebar yana rawa a ramin kan sukurun, ba girmansa ba ne. Danna ƙasa sosai kafin ka murɗa. Ka ajiye kowane sukuru daidai inda ya fito, domin tsawonsu ya bambanta, dogo a gurbin gajere yana iya huda babban allon na'urorin da ke cikin laftof ɗin (motherboard).